Hon ɗin tsohuwar Beetle yana yi yana ɗaukewa: daga ina zan fara bincike?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu na wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a sana'ar gyaran mota. Ina zaune a Aboabo, a nan Kumasi, kuma na zo da wata matsala da ta fi wata biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Motar Volkswagen Beetle ce ƙirar 1973, mai inji 1300. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a hannun wani 'yan shekaru bayan Ghana ta koma tuƙi a hannun dama a watan Agusta na 1974, kuma ya sha gaya mana cewa da gangan ya nemi mai sitiyari a hagu saboda wannan sauyin. Bayan rasuwarsa ta daɗe a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida, sai bara na ɗaura niyyar tayar da ita. An wanke kafireta, an gyara birki, an sa sababbin tayoyi da sabon batir, kuma a yanzu injin yana tashi da bugu ɗaya. Abin da ya gagara shi ne hon.

Ga yadda yake yi. Idan motar tana tsaye kuma sitiyari yana miƙe, sau da yawa ko na danna babu abin da ake ji, sai dai wata ƙara ƙasa-ƙasa kamar ta wanda mura ta shaƙe wa murya. Amma idan ina cikin shan kwana, musamman zuwa hagu, na danna, sai ya yi kuka da ƙarfi kamar babu abin da ya taɓa samunsa. Tun da damina ta kankama abin ya ƙaru. Duk wanda ya san lungunan zango ya san mota ba ta shiga cikinsu babu hon: ga yara, ga awaki, ga masu keke mai taya uku da ke fitowa ba sallama. Makon jiya wani yaro ya biyo ƙwallo ya faɗo gabana, na danna hon har sau biyu bai yi ba, birki ne kawai ya cece mu da ikon Allah. Tun ranar na ajiye motar. Ban da haka, lokacin sabunta takardar lafiyar mota a DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci, ya kusa, kuma ba na so in kai ta a haka.

Na canza fis, babu abin da ya sauya. Na je Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota da sayar da kayanta, na sayo sabon hon na ɗaura, shi ma halinsa ɗaya da tsohon. Wani yaro mai gyaran waya ya ce in bari ya huda gaban motar, wato dashbod, ya sa mini maɓalli daban kusa da makunni, ya ja sabuwar waya, a manta da na sitiyari. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, domin ina son motar ta zauna yadda mahaifina ya bar ta. Ina roƙon wanda ya san wayoyin wannan mota ya nuna mini inda zan fara, da abin da zan bi bayansa. Ina da fitilar gwaji, kuma zan iya aron mitar awon wuta a wurin maƙwabcina.

Tsohon Mai Waya na Suame ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka ci gaba da riƙe abin da ya bari. Ka yi daidai da ka ajiye motar, kuma ka yi daidai da ka hana a huda ta. Tunda sabon hon da tsohon halinsu ɗaya, ai ba a nan gizo ke saƙa ba. Kuma kai da kanka ka faɗi inda ciwon yake ba tare da ka lura ba, lokacin da ka ce yana yi idan kana juya sitiyari.

Bari in fara da yadda aka tsara abin, domin nan ne yawancin yaran yanzu suke ɓata. A tunaninsu maɓallin da ke tsakiyar sitiyari shi ne yake aika wa hon wuta. A wannan motar ba haka ba ne. Da zarar ka murɗa makulli, wuta tana fitowa daga akwatin fis ta tafi kai tsaye zuwa ɗaya daga cikin ƙafafu biyu na hon, wanda yake ɗaure a ƙarƙashin marufin tayar gaba ta hagu, ta zauna a can tana jira. Abin da maɓallin yake yi shi ne ya buɗe mata hanyar komawa. Ka san wuta ba ta aiki sai ta zagaya ta koma batir, kuma a mota jikin ƙarfen motar ne hanyar komawarta, abin da muke kira ƙasa. To, daga ƙafa ta biyu ta hon waya tana hawowa zuwa makunnin sigina da ke wuyan sitiyari, inda wani ɗan harshen tagulla yake gogar zoben da ke bayan sitiyarin. Idan ka danna, wutar tana bi ta zoben ta shiga sandar sitiyari, ta gangara har ƙasa. A can ƙasa, tsakanin sandar da akwatin sitiyari, akwai faifan roba da aka sa don ya shanye girgizar hanya. Roba ba ta ɗaukar wuta, don haka masu ƙera motar suka sa wata 'yar gajeriyar waya da ke tsallake faifan daga wannan gefe zuwa wancan. Idan wannan 'yar waya ta tsinke, ko tsatsa ta ci bakinta, ko wani ya canza faifan ya manta bai mayar da ita ba, wutar sai ta riƙa laluben hanya ta duk inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Shi ya sa idan ka juya sitiyari abubuwa suka matsu, sai hon ya yi, idan ka miƙe kuma ya ɗauke.

Wannan zato ne mai ƙarfi, amma kada ka kwance komai sai ka gwada. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka maƙala jelar fitilar gwajinka a ƙarfe mai tsabta, ka taɓa ƙafafun hon ɗaya bayan ɗaya. A asali wayar da ke kawo wuta baƙa ce mai ratsin rawaya, ta komawa kuma mai ruwan ƙasa ce, domin a motocin Jamus ruwan ƙasa launin wayar ƙasa ne. Sai dai motar da ta haura shekara hamsin ta bi ta hannaye da yawa, saboda haka ka yarda da fitilarka fiye da launin waya. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, idan hon yana da lafiya kuma ba a danna ba, fitilar za ta kama a ƙafafun duka biyu, domin wutar tana ratsa cikin hon ta fito ta ɗaya gefen ta tsaya. Idan ba ta kama a ko ɗaya ba, matsalarka tana baya, wajen fis ko wayar da ta taso daga can. Idan ta kama a ɗaya kawai, cikin hon ne ya yanke. Idan ta kama a duka biyun, sai ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa ƙafar komawa da jikin mota kai tsaye. In ya yi kuka da cikakkiyar murya, ka wanke hon da fis daga zargi, ka san aikinka yana tsakanin wannan ƙafa da akwatin sitiyari.

Kada ka bar makulli a murɗe na dogon lokaci inji yana kashe, domin kwayil yana iya ɗaukar zafi, kwantak ɗin distirbuta kuma, wato 'yan ƙarafan da ke haɗuwa suna rabuwa don katse wuta, ya ƙone. Ka gwada, ka kashe, ka sake murɗawa idan ka shirya.

Tambaya ɗaya nake da ita. Idan ka buɗe murfin gaban motar, tayar safiya, wato ta ajiya, a tsaye take ko a kwance? Idan a tsaye take, irin wadda na bayyana ce. Idan a kwance take, to 1302 ce ko 1303, kuma ƙasan sandar sitiyarinsu ba faifan roba ba ne, gaɓoɓin ƙarfe ne, sai mu sake magana.

Malamin Fasaha daga Nima ya amsa:

Sallama ga kowa. Baba ya yi bayanin da babu abin da zan rage a cikinsa, sai dai in ƙara abu biyu, tunda ɗan'uwanmu ya ce zai iya samun mita.

Fitilar gwaji tana gaya maka akwai wuta ko babu, amma ba ta gaya maka ko hanyar za ta iya ɗaukar nauyi ba. Ƙaramin ƙwai yana kamawa ko da silin waya ɗaya ne ya rage, alhali hon yana jan amfiya da dama a lokaci guda. Saboda haka awon da ya fi amfani shi ne wanda ake yi ana cikin danna hon. Ka fara da batir, wanda yake ƙarƙashin kujerar baya: cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji yana kashe. Daga nan ka sa wani ya zauna ya danna, kai kuma ka auna tsakanin ƙafar da ke kawo wuta da jikin mota. Ya kamata adadin ya tsaya kusa da na batir. Idan ya faɗi warwas da zarar an danna, akwai inda wuta take shaƙewa kafin ta iso. Sannan ka auna ƙafar komawa: kafin a danna za ka ga kusan 12, da an danna kuma ya kamata ta sauka kusa da sifiri. Idan ta tsaya a 5 ko 7, wannan adadin shi ne abin da tsatsa take cinyewa a hanyar komawa, kuma shi ne dalilin shaƙaƙƙiyar muryar da kake ji.

Game da fis, canza shi kaɗai ba ya wadatarwa a waɗannan motoci. Fis ɗinsu irin na tangaran ne mai tsini a kai biyu, wanda wasu 'yan ƙarafa masu lanƙwasa suke riƙewa, fari na amfiya 8 ne, ja kuma na 16. Da daɗewa ƙarafan suna yin kore kuma suna saki, har sabon fis ya zauna a ciki yana rawa. Ka cire kan batir, ka goge su da samfefa mai laushi, ka ɗan matse su da yatsa. Kada ka sa ja a gurbin fari, kuma kada ka yarda kowa ya naɗe maka fis da waya ko takardar kwalin taba, domin ranar da waya ta goge ta taɓa jiki, wayoyin bayan gaban motar ne za su zama fis ɗin, kuma tankin mai yana nan kusa da su.

Abu na biyu shawara ce da na san Baba zai iya saɓa mini a kanta. Ni a ganina kowace tsohuwar mota tana amfana da rile, wato ƙaramin makunni da wuta ke ja, a layin hon. Ƙafafunsa huɗu ne masu lamba: 30 tana karɓar wuta ta waya mai kauri da fis nata, 87 tana kai wa hon, 86 tana zuwa layin makulli, 85 kuma tana karɓar wayar da ta fito daga sitiyari, sai a ɗaure ɗaya ƙafar hon a jikin mota. Ta haka maɓallin sitiyari da zoben tagulla ba za su ƙara ɗaukar nauyin hon ba, sai ɗan abin da zai ja rile, wanda bai kai rabin amfiya ba. Ana iya ɓoye shi a bayan gaban motar ba tare da an huda ko'ina ba.

Tsohon Mai Waya na Suame ya sake amsawa:

Malam, ban ƙi rile ba, na ɗaura shi a motoci da yawa, kuma duk wanda zai sa hon biyu ko mai iska dole ne ya sa shi. Abin da nake tsoro shi ne a sa shi yanzu, kafin a gano ciwon. Saboda ɗan abin da yake ja kaɗan ne, zai iya aiki ko da hanyar komawa ta lalace, sai yaron nan ya ɗauka an gama, alhali an rufe ciwo ne da tsumma. Wata rana a tsakiyar kasuwar Kejetia hanyar za ta ƙarasa yankewa, a koma gidan jiya. Kuma akwai dalilin da ya fi wannan: ina so ya kai idonsa kan faifan robar nan. Motar da ta yi shekaru a ajiye, robarta tana bushewa ta tsage, kuma wannan faifan shi ne yake haɗa hannun direba da tayoyin gaba. Idan hon ne ya ja shi ya leƙa wurin, to hon ya yi masa alheri. A gyara yadda aka ƙera ta tukuna. Hon ɗaya na asali ba ya fin ƙarfin maɓallinsa.

Direban Asawase ya amsa:

Ina gaida Baba da Malam. Ni ba mai gyara ba ne, tuƙi na yi shekaru da yawa, amma ina da abin faɗa game da tsohon hon da aka cire. Ƙanena, kada ka jefar da shi. A cikinsa babu wani abu mai wuya: naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu, da faifan ƙarfe siriri, da kwantak irin na distirbuta. Wuta ta shiga, maganaɗisu ya ja faifan, jan ya buɗe kwantak, wuta ta yanke, faifan ya koma, kwantak ya sake rufewa, haka ɗaruruwan sau a cikin daƙiƙa ɗaya, wannan karkarwar ce muke ji. Tunda a ƙarƙashin marufin taya yake zaune, yana shan ruwa da jar laka duk damina, ƙurar hunturu kuma ta bi ta kai, sai kwantak ya yi datti. Ka haɗa shi da batir kai tsaye da wayoyi biyu. In ya yi shiru ko ya ce ƙwas sau ɗaya, ka ɗan bubbuga shi da ƙotar sukudireba yana haɗe, sau da yawa yana farkawa. A bayansa akwai ƙaramar ƙusa ta daidaita murya. Ka sa mata alama kafin ka taɓa, ka riƙa juya ta kaɗan-kaɗan, kwata ɗaya a lokaci guda, kana gwadawa, don kada a yi gyaran gangar Auzinawa. Kuma idan za ka mayar da shi, ka tabbata jikinsa bai jingina da komai ba sai maɗaurinsa, domin hon da ya taɓa ƙarfen mota muryarsa tana mutuwa.

Ɗan Aboabo ya dawo da bayani:

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Baba da Malam da Yaya da alheri. Na yi aikin ranar Asabar bayan sallar Asuba, ni da ƙanena, kuma ga abin da muka tarar.

Baba, tayar safiya a tsaye take. Da na murɗa makulli, fitilar ta kama a ƙafafu biyun kamar yadda ka ce. Na haɗa ƙafar komawa da jikin mota da guntuwar waya, sai hon ya yi kukan da ya sa maƙwabta suka leƙo. Da mita kuma, ƙafar da ke kawo wuta ta tsaya a kusan 12 ana danne, amma ta komawa ba ta sauka ƙasa da 6 ba idan sitiyari yana miƙe, da ƙanena ya juya shi hagu yana danne kuma na ga adadin yana tsalle yana faɗuwa. Daga nan na cire kan batir mai alamar ɗebewa, muka ɗaga gaban motar muka tokare ta da kyau, muka cire tayar hagu, na haska tocila wajen akwatin sitiyari.

'Yar wayar tana nan, kuma da ido lafiyarta ƙalau, har na fara tunanin mun yi kuskure. Da na sa yatsa na ɗan ja ta, sai ta zame daga bakinta ta biyo hannuna. Cikin rigar robar babu sauran jan ƙarfe sai wani koren gari da ya zubo mini a tafin hannu, silin biyu ko uku ne kawai suka rage. Faifan kuma, da na sa ƙanena ya motsa sitiyari ina kallo, sai na ga tsaga tana buɗewa tana rufewa kusa da ɗaya daga cikin notina huɗun. Jikina ya yi sanyi da na tuna na yi ta yawo da iyalina a cikin motar nan a haka.

Ban taɓa faifan da kaina ba. Ranar Litinin na samo sabo a Magazine, wani dattijo da ya saba da waɗannan motoci ya zo gida ya ɗaura shi, ya yi sabuwar waya da sababbin bakuna, ya goge wuraren zamanta har suka yi ƙyalli, ya shafa ɗan giris a kai saboda ruwa. Na goge mariƙan fis kamar yadda Malam ya ce. Yanzu ƙafar komawa tana sauka ƙasa da rabin bolt, kuma hon yana yi ko sitiyari yana miƙe ko yana juye. Malam, na ajiye maganar rile zuwa ranar da zan ƙara hon na biyu.

Tsohon hon kuma ya farka bayan na bubbuga shi, kuma shi na mayar, domin muryarsa ce na sani tun ina yaro idan mahaifina ya iso ƙofar gida. Sai dai har yanzu akwai ɗan kaushi a ƙarshen kukansa, ko da na juya ƙusar kwata ɗaya zuwa kowane gefe. Shin in buɗe shi in goge kwantak ɗin, ko in bar shi haka?

Tsohon Mai Waya na Suame ya amsa:

Alhamdu lillahi, ɗana. Ka duba bakin hon ɗin. Idan da ƙananan notina aka haɗa shi, ana buɗewa: ka sa alama a gefe don ka mayar da faifan yadda yake, ka kula da siririyar takardar da ke tsakani kada ta yage, ka zura samfefa mai laushi a tsakanin kwantak ka ja sau kaɗan, sannan ka bi da farar takarda mai tsabta har ta daina fitowa da baƙi. Idan kuwa bakin a danne yake da inji ko da ƙusoshin da ba sa kwancewa, kada ka tilasta shi. Ka yi mako biyu kana amfani da shi tukuna, domin kwantak da ya daɗe bai yi aiki ba yakan goge kansa. In kaushin bai tafi ba, ka kawo mini shi Magazine da safe kafin rana ta yi zafi, ka zo da sabon ma mu gwada su a batir ɗaya.